Kofin Allan da Rigimar Sojan Haya

Kafin 1909 kofi ɗaya ne masu hokin ƙanƙara a Kanada ke hanƙoro, wato Kofin Stanley, wanda Gwamna Janar Lord Stanley ya bayar, aka fara ɗaga shi a 1893. Don masu wasan sha'awa aka yi shi, mutanen da ke da sana'arsu da rana, da dare su ɗaura takalma masu kaifin ƙarfe su hau ƙanƙara, suna bin ɗan baƙin faifan roba da sanda. Sai jama'a suka fara cika zaurukan wasa suna biyan kuɗin ƙofa. Inda kuɗi ya taru kuwa, gwanin ɗan wasa ba ya daɗewa yana zubar da guminsa kyauta. Cikin 'yan shekaru ƙungiyoyi masu biyan albashi suka mamaye kofin. Manyan birnin Montreal, waɗanda a ganinsu karɓar kuɗi don wasa zubar da mutunci ne, suka wayi gari an raba su da abinsu.

Ɗaya daga cikinsu, Sir Montagu Allan, ɗan gidan masu kamfanin jiragen ruwa na Allan Line, shi ya ba da sabon kofin azurfa, ya damƙa shi a hannun amintattu, da sharaɗin masu wasan sha'awa kaɗai za su nema, rarar kuɗin ƙofa kuma a yi sadaka da ita. Ƙungiyar Ottawa Cliffsides aka fara miƙa wa a 1909, ba ta kai ga ɗumama shi ba ɗaliban Jami'ar Queen's ta Kingston suka ƙalubalance ta suka karɓe. Haka tsarin yake da farko. Mai riƙe da kofi yana nan zaune, duk wanda ya ga ya isa sai ya aiko da takardar ƙalubale, amintattu su duba ko ya cancanta. Da ƙalubale suka yi yawa, gardama kan wane ne ɗan sha'awa na gaske ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai wakilan larduna suka taru a Ottawa a Disamban 1914 suka kafa hukumar hokin sha'awa ta ƙasa, CAHA. Daga nan aka koma wasannin share fage, zakaran gabas ya kara da zakaran yamma. A 1928 amintattu suka sakar wa hukumar kofin baki ɗaya, kuɗin ƙofarsa ya zama abin da take juyawa da shi shekara da shekaru.

Darajar kofin ta ƙaru ne saboda wani abu da ba a yi zato ba. Lokacin da aka sa hokin ƙanƙara cikin wasannin Olamfik na Antwerp a 1920, Kanada ba ta da tawagar ƙasa, sai aka ce wanda ya ci Kofin Allan ya tafi. Masu cin na shekarar su ne Winnipeg Falcons, kusan dukkansu 'ya'yan baƙi ne 'yan asalin Ayislan, waɗanda manyan kulob na Winnipeg suka daɗe suna ƙyamar haɗa lig da su. Wasunsu dawowarsu ke nan daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Suka doke Jami'ar Toronto, suka hau jirgin ruwa, suka ci Cekoslobakiya 15 da nema, Amurka 2 da nema, Suwidin 12 da 1, suka dawo da zinare. Bayan shekara huɗu Toronto Granites suka je Chamonix suka zura ƙwallo 110, aka zura musu 3. Tsofaffin ɗaliban Jami'ar Toronto suka ci zinaren Olamfik na 1928, wata ƙungiyar Winnipeg ta ci na 1932. Mutanen Kanada suka saba da cewa ko wane gari ya ci Kofin Allan ya ishi duniya.

Abin da ba a cika faɗi ba shi ne yadda waɗannan ƙungiyoyi ke cin abinci. Ɗan wasa ba ya karɓar albashi, gaskiya ne, amma ana nema masa aiki. Kamfanin haƙar ma'adinai, ko na takarda, ko ofishin hukumar gari, sai ya ɗauke shi, kowa ya san ba don ƙarfinsa a bakin injin aka ɗauke shi ba. Wani kuma bayan an tashi wasa sai ya tarar da ambulan a cikin takalminsa. Hukuma ta yi ta kafa dokar zama, cewa sai mutum ya tare a gari kafin wata rana ta musamman sannan ya buga masa, don maganin masu yawon bin gari da sanda a kafaɗa. Garuruwa kuma suka ƙware wajen kewaye dokar. Duk wanda ya taɓa kallon gasar cin kofin unguwanni, inda ranar wasan ƙarshe ake ganin baƙuwar fuska cikin rigar unguwa ana rantsuwa cewa jikan mai unguwa ne, ya san irin wannan sojan haya.

A 1936 asiri ya tonu a bainar jama'a. Halifax Wolverines ne suka ci kofin 1935, amma kafin lokacin tafiya Jamus don Olamfik ƙungiyar ta watse, sai aka ɗauki waɗanda suka zo na biyu, Port Arthur Bearcats, aka ƙara musu 'yan wasa, har da huɗu daga Halifax. Ana shirin tashi aka sallami mutanen huɗu, bisa zargin sun nemi a ba iyalansu abin cefane na makonnin da za su yi ba sa gida. A tsakiyar matsin tattalin arzikin duniya ke nan, lokacin da barin aiki na wata biyu ke nufin tukunya ba za ta hau murhu ba. Tawagar ta tafi ba su, ta je Garmisch-Partenkirchen, Birtaniya ta doke ta 2 da 1 ta ɗauke zinare. Abin haushin, yawancin 'yan wasan Birtaniyar a Kanada suka tashi, can suka koyi wasan. A shekarar hukumar CAHA, da ƙoƙarin mutane irin su W. G. Hardy, malamin jami'a a Edmonton, ta sassauta dokarta: ɗan wasa na iya karɓar diyyar aikin da ya rasa saboda wasa, yana kuma iya karɓar aikin da aka ba shi don gwanintarsa. Babbar ƙungiyar wasannin sha'awa ta ƙasar ba ta yarda ba, aka raba gari. A ganina Hardy da mutanensa ne ke da gaskiya, domin tsohuwar dokar ta 'ya'yan masu hali ce, waɗanda ba su san zafin rasa albashin mako ba. Amma daga ranar ƙofa ta buɗe, kuma ba wanda ya iya cewa ga inda za ta tsaya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wangale ta. Milt Schmidt, Woody Dumart da Bobby Bauer, 'yan gaban Boston Bruins da suka ci Kofin Stanley a 1941, suka shiga rundunar sojan sama ta Kanada, aka mayar da su 'yan sha'awa a takarda, suka ci wa ƙungiyar sojan sama ta Ottawa Kofin Allan a 1942. A 1943 ƙungiyar sojan ƙasa, Ottawa Commandos, ta yi irin haka da taurarin New York Rangers. A 1945 ba a buga gasar ba.

Bayan yaƙi, manyan lig-lig na gabas sun zama na ƙwararru a komai in ban da suna. Hukuma ta ware su a 1950 ta ba su nasu kofin, na Alexander, don ƙananan garuruwa su sami sararin numfashi. Jean Béliveau ya yi kaka biyu a Quebec Aces yana ɗan sha'awa, yana samun abin da ya fi na yawancin 'yan NHL, babban lig ɗin ƙwararru, Montreal Canadiens na ta lallashinsa yana cewa bai shirya ba. Sai da lig ɗin ya rikiɗe ya zama na ƙwararru a 1953 sannan ya sa musu hannu. Kofin Alexander bai wuce 1954 ba.

Shekarun 1950 su ne ganiyar Kofin Allan, kuma a cikinsu ne ajalinsa ya fara leƙowa. A 1954 Kanada ta yi sakaci ta tura East York Lyndhursts, ƙungiyar mataki na biyu, zuwa gasar duniya a Stockholm. Tarayyar Sobiyet, wadda zuwanta na farko ke nan, ta lallasa su 7 da 2. Ƙasar ta ɗau zafi. Aka waiwayi masu riƙe da Kofin Allan, Penticton Vees, daga wani ƙaramin garin lambunan 'ya'yan itace a lardin British Columbia. 'Yan'uwa uku ne ƙashin bayansu, Grant, Bill da Dick Warwick, kuma Grant, wanda ke horarwa yana bugawa, ya yi shekaru a NHL kafin a wanke shi a mayar da shi ɗan sha'awa. A Krefeld ta Jamus a 1955 suka rama wa ƙasa, 5 da nema, Foster Hewitt na kawo wasan kai tsaye ta rediyo, gidaje sun yi tsit ana saurare. Whitby Dunlops suka ci gasar duniya ta 1958 a Oslo, Harry Sinden na kyaftin. Belleville McFarlands suka ci ta 1959 a Prague, amma murna ta koma ciki da bincike ya gano cewa da kuɗin baitulmalin gari ake biyan 'yan wasan, aka bar masu biyan haraji da giɓi.

Ƙungiyar da ta fi kama da abin da ake so a ce kofin yana nufi ita ce Trail Smoke Eaters. Trail gari ne da ke maƙale a gangaren dutse a bakin kogin Columbia, ƙarƙashin dogayen bututun hayaƙin masana'antar narkar da dalma da tutiya. Yawancin 'yan wasan a masana'antar ko a cikin gari suke aiki, da yawansu a yankin aka haife su. Sun ci kofin a 1938, suka ci gasar duniya a 1939. A 1960 Chatham Maroons suka doke su a wasan ƙarshe, amma Chatham ta ƙi zuwa gasar duniya, sai aka ce Trail ta tafi. Mutanen gari suka yi karo-karo. A Geneva a 1961, ranar ƙarshe, suka doke Sobiyet 5 da 1, mai tsaron raga Seth Martin ya hana Turawa barci har suka riƙa kwaikwayon salonsa. Daga su babu wata ƙungiyar gari da ta sake ciyo wa Kanada gasar duniya. Da Trail ta koma a 1963, ta huɗu ta zo. Sobiyet na tara gwanayen ƙasa guda suna atisaye kusan shekara cur, su kuwa waɗannan sai sun sauka daga aiki. Fada David Bauer, limamin Katolika kuma ƙanen Bobby Bauer, ya shawo kan hukuma aka kafa tawagar ƙasa ta dindindin don Olamfik na 1964. Daga nan mai cin Kofin Allan ya daina zama wakilin Kanada.

Rashin wannan gata bai kai talabijin ɓarna ba. Tun 1952 aka fara nuna wasannin NHL a daren Asabar, daren da zauren gari ke cin kasuwarsa. Mutum ya zauna a ɗaki mai ɗumi ya kalli Montreal da Toronto kyauta, me zai fitar da shi cikin dusar ƙanƙara? Sannan NHL, wadda ƙungiyoyi 6 kacal gare ta tun 1942, ta ninka zuwa 12 a 1967, wani lig ɗin hamayya, WHA, ya buɗe a 1972. A da, gwanaye ɗaruruwa da ba su sami gurbi a ƙungiyoyi shidan nan ba su ne ke cika ƙungiyoyin garuruwa. Yanzu ga aiki mai albashi a fili. 'Yan kallo da masu tallafi kuma suka karkata ga wasan matasa da Kofin Memorial, inda ake ganin taurarin gobe.

Kofin ya koma garuruwan da ke nesa da manyan birane. Yankin Thunder Bay ya ci sau 10 idan aka haɗa da na Port Arthur. Har ya tsallaka iyaka: ƙungiyoyin Spokane na jihar Washington sun ci a 1970, 1972, 1976 da 1980, saboda lig ɗaya suke bugawa da maƙwabtansu na British Columbia. Whitehorse da ke can arewa a Yukon ta ci a 1993. Warroad Lakers, daga wani ɗan gari a Minnesota da bai kai mutum dubu biyu ba, inda iyalin Marvin ke da masana'antar tagogi, suka ci sau uku a jere daga 1994 zuwa 1996 a hannun Cal Marvin. A 1997 suka rufe, domin sun rasa lig ɗin da zai karɓe su. A tsibirin Newfoundland kuwa, Corner Brook Royals sun kawo kofin a 1986, amma tseren sayo 'yan wasa daga wajen tsibirin ya cinye kulob-kulob ɗin, babban lig ɗin lardin ya durƙushe kafin shekarun 1980 su gama fita. Wannan labari ya maimaita kansa sau da yawa: gari ya zuba kuɗi, ya ci kofi, ya kori abokan hamayya da ƙarfinsa, ya waiwaya ba abokin wasa.

Tsadar tafiya ce ta kashe tsohon tsarin gabas da yamma, inda ƙungiyoyi biyu ke jera wasanni har bakwai. Aka koma gasar mako guda a watan Afrilu a gari ɗaya, daga baya da ƙungiyoyi shida, zakarun yankuna da mai masaukin baƙi wanda ke shiga ba tare da share fage ba. Wannan ya sauƙaƙa abu ɗaya ya jagula wani. Gari ba zai ɗauki nauyin otal da zaure da alƙalan wasa ba sai an tabbatar masa da kujera, domin in ba ƙungiyar gida a fili ba mai sayen tikiti. Da ya sami kujerar kuma sai ya shiga tattaro 'yan wasa don kada ya ji kunya a gaban mutanensa. Dokar da ta yarda a aro wasu daga ƙungiyoyin ƙawance, da wadda ta ba tsohon ƙwararre damar dawowa, duk suna taimaka masa.

A 2005, shekarar da rikicin albashi ya rufe NHL kaka guda, rigimar sojan haya ta kai maƙura. Horse Lake Thunder, ƙungiyar wata al'ummar 'yan asalin ƙasa a arewacin Alberta, ta ɗauko Theoren Fleury, wanda ya ci Kofin Stanley da Calgary a 1989 ya kuma ci zinaren Olamfik a 2002, ga Gino Odjick a gefensa. Hukumar lardin ta ce Fleury bai cancanta ba saboda kwantiraginsa na NHL na baya, aka ɗaukaka ƙara, aka bar shi ya buga. Zauren Lloydminster, inda aka yi gasar, ya cika, jaridun ƙasa suka tuna akwai wani abu wai shi Kofin Allan, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan kuɗi, Fleury kuma ya ce akwai wariyar launi a cikin irin sukar da ake yi musu. Bayan duk wannan, Thunder Bay Bombers suka fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, suka je suka ɗauki kofin.

Ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi tsakanin 2009 da 2019 ita ce Generals, wadda ta tashi daga Bentley, ƙauye mai mutum kamar dubu ɗaya a tsakiyar Alberta. Ta ci a 2009 da Brian Sutter na horarwa, ta ci a 2013 da 2016, ta koma garin Lacombe, ta karɓi baƙuncin gasar 2019, ta doke maƙwabciyarta Innisfail a wasan ƙarshe a gaban jama'arta. Ba a daɗe da gama shagali ba ta sanar da rufewa, saboda ƙungiyoyin lig ɗinta sun yi ta janyewa. Sai ga annobar korona, ta tsayar da gasar a 2020, ba a dawo ba sai 2023, a Dundas kusa da Hamilton a lardin Ontario, da ƙungiyoyi 'yan kaɗan. Masu gida, Real McCoys, suka ci, kuma a garin aka sake yin ta a shekarar da ta biyo.

Kada a ɗauka wasan manya ne ya mutu. A ƙauyukan Saskatchewan da Manitoba da Alberta, daren Juma'a na hunturu, manomi da malamin makaranta da mai gyaran wuta suna nan suna bugawa, zaure cike, ana sayar da tikitin caca na raba daidai don biyan kuɗin bas. A Newfoundland har gobe ana kare jini biri jini kan Kofin Herder. Sai dai yawancin waɗannan ƙungiyoyi sun zaɓi su tsaya a matakin AA, su nemi kofin lardinsu, ba sa hawa matakin AAA da ke kai wa ga Kofin Allan. Lissafinsu ba wuya. Jirgin sama ga mutum kusan talatin daga wannan gefen ƙasa zuwa wancan, mako guda a otal, kowa ya roƙi hutu a wurin aiki, sannan a je a tarar da ƙungiyar da aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwararru, wadda ba ta yi wasan lig na kirki ba duk kakar.

Masu cewa a kulle ƙofa ga duk wanda ya taɓa cin albashin wasa ba su karanta tarihin kofin ba. Da an yi haka da ba a ga Grant Warwick a Krefeld ba. Mutumin da ya gama yawonsa a ƙananan lig-lig na Amurka ko na Turai, ya dawo gida ya kama aiki ya yi aure, ɗan gari ne, kuma shi yara ke zuwa kallo. Abin tambaya shi ne wasa nawa ya buga wa ƙungiyar kafin Afrilu, kuma ita ƙungiyar wane lig ta buga. Da za a ce sai mai lig na gaske zai nemi kofin, a ƙayyade wasannin da kowane ɗan wasa zai cika, a rage yawan aro, a kuma rubuta iyakar kuɗin aljihu a fili kamar yadda aka yi ƙoƙari a 1936, da zakarun AA sun ga fuskar shiga.

Batun masauki ya fi wuya, domin ba doka ce ke maganinsa ba. Idan gasar ta zauna a kudancin Ontario, inda ƙungiyoyi ke kusa da juna, za a samu sauƙin shirya ta, amma mutanen yamma da na bakin teku ne za su riƙa sayen tikitin jirgi kowace shekara, kuma ba su da yawan da za su jure. Idan aka ce ta zagaya, sai an sami asusun da zai raba kuɗin tafiya tsakanin kowa, ko daga hukumar Hockey Canada, wadda ta gaji CAHA a 1994, ko daga wani babban mai tallafi. A zamanin Port Arthur da Trail, kuɗin ƙofar Kofin Allan ne ke ɗaukar ɗawainiyar hukumar, har ta ba ƙananan wasanni tallafi. Yanzu ƙungiya daga ƙaramin gari irin su Clarenville ko Innisfail ce ke bin 'yan kasuwar garinta shago shago kafin ta iya cewa za ta zo, kuma kwamitin shirya gasa ba ya iya fitar da jadawali sai ya ji amsarsu.